Wa Ake Ruɗa da Rolex ɗin Jika Uku?

Ƴan'uwa ɗalibai, samari da ƴanmata, yau da agogo zan yi faɗa, ko in ce da masu ɗaura shi. Wani yayi ya shigo Diffa, ya bi fada-fada, ya shiga lise, ya shiga jami'a. Kowa na son agogo mai kama da na dā, irin wanda muke gani a hannun kakanni cikin tsofaffin hotuna: mai ƙaramar fuska da ruwan zinari, ko mai lambobi irin na shekarun 1980. Ba ni da ja da wannan. Agogon dā yana da kyau, kuma gara saurayi ya zuba kuɗinsa a agogo da ya zuba su a tiramol. Inda nake ja shi ne zaɓen da muke yi idan mun tsaya gaban teburin mai agogo. Hannunmu sai ya tsallake agogon da ke faɗin gaskiya, ya sauka kan wanda aka liƙa wa sunan da ba nasa ba. Ni na ce wannan asarar kuɗi ce, kuma horon ƙarya ne da muke yi wa kanmu kowace safiya. Ga hujjojina. Wanda bai yarda ba, biro bai ƙare a gari ba, ya rubuto a fitowa ta gaba.

Abin da ke kan tebur

Mu fara da sanin kayan. Yawancinsu daga Kano da Maiduguri suke zuwa, shi ya sa ma da naira ake fara yi maka ciniki kafin a juya maka shi zuwa sefa. In ka tsaya ka duba da kyau, iri huɗu ne.

Na farko shi ne jabu: an rubuta masa Rolex, ko Rado, ko Omega. Shi ne ya fi ƙyalli, shi ake sa wa a gaba, shi ne kuma ya fi tafiya.

Na biyu ɗan Sin ne mai ɗauke da sunan gidansu, irin su SKMEI da Curren da Naviforce. Yana kwaikwayon siffar manya, amma bai ce shi wani ba ne.

Na uku Casio na asali, irin F-91W baƙi mai maɗaurin roba, da ɗan'uwansa A158W mai launin azurfa, da MQ-24 mai tsinke. Su ma suna da jabunsu, za mu zo kansu.

Na huɗu tsoho ne na gaske, wanda ya ga jiya ya ga yau: Seiko 5, Orient, Citizen. Wani a gwanjo za ka same shi, wani kuwa yana nan kwance cikin akwatin babanka, tsarabar Makka ce ta wani alhaji, ba wanda ya waiwaye shi tun da wayar salula ta shigo.

Matsayina a fili yake. Ka ɗauki na uku ko na huɗu. In aljihu bai kai ba, ka ɗauki na biyu ba tare da jin kunya ba. Na farko kuwa ko kyauta aka ba ka, ka yi godiya ka ajiye.

Lissafin da ba ma son yi

Abokina, mu yi lissafi, tunda dai lakwal muke. A ce ka sayi jabu jika uku. A ce ya yi maka wata shida, kuma wallahi na yi masa adalci. Lisans shekara uku ce. Ke nan agogo shida, jika goma sha takwas, ban sa kuɗin batir ba, ban sa na mannen gilashi ba. Casio F-91W na asali a Turai wajen Yuro 20 ake sayar da shi. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato wajen jika goma sha uku. Ko ɗan kasuwa ya ɗora ribarsa da kuɗin hanya ya kai jika goma sha biyar, har yanzu kai ke da riba. Batir ɗinsa, CR2016, kamfanin ya ce yana kai shekara bakwai. Ka shiga jami'a da shi, ka fito da shi, ka nemi aiki da shi, ba ka buɗe bayansa ba. Abin da zai fara gajiya shi ne maɗaurin roba, shi kuwa ana canza shi.

Me ya sa jabun ba ya daɗewa a nan? Don ba a yi shi domin ya daɗe ba, kuma ƙasarmu ba ta da sassauci ga abin da aka yi da wasa. Jikinsa ba baƙin ƙarfe mai hana tsatsa ba ne, wani gami ne mai arha aka shafa wa launi siriri. Zufar watan Afrilu da Mayu na cin launin nan, sai ka ga gefen ya koma toka-toka, wuyan hannunka ya yi kore, wani ma har ƙuraje su fito masa. Murfin bayansa ba shi da zoben roba na kirki, ƙurar hunturu na shiga ta maƙale a haƙoran inji. Sannan ga alwala sau biyar a yini. Rana ɗaya za ka manta ba ka cire ba, da yamma ka ga hazo ya kwanta a cikin gilashi. Shi ke nan, an yi jana'iza. Maɗaurin da aka ce maka fata ce, roba ce aka yi wa zane, rana biyu-uku a zafin Diffa ta fara ɓarewa kamar bayan ƙadangare. Su kuma ƙananan da'irori ukun nan na fuskarsa, da suke sa shi ya yi kama da na matuƙin jirgi, taɓa maɓallin gefe ka gani. A yawancinsu ba abin da ke motsi. Ado ne aka liƙa.

Kuma wane kuɗi muke zubarwa? Bursun da ba ya zuwa kan lokaci. Kuɗin da uwa ta tara daga sayar da ƙosai. Kuɗin tattasai, wanda uba ya yi renonsa tun yana iri, ya dasa, ya yi ban-ruwa, ya tsinka, ya shanya, ya ɗura a buhu. Duk wanda ya taɓa yini a gonar tattasai a bakin Komadugu ya san nauyin jika uku.

Wa ka ruɗa?

To, a bar batun kuɗi. Wa kake so ya yarda? Rolex mafi arha, sabo, ya haura sefa miliyan uku. Kai da muka hau layin abinci tare, muka yi karo-karon dala-dala na sukarin shayi tare, ka fito da miliyan uku a wuyan hannu? Ba wanda ya yarda. Mai sayarwa ya san jabu ne. Kai ka sani. Abokanka sun sani. Yarinyar da kake ta ɗaga hannun riga dominta ta fi kowa sani, don ƙanenta na da irinsa. Ƙarya ce da ba ta da mai saye ko ɗaya, amma kullum sai an fito da ita kasuwa. Su malamai da ke hana maza sa zinari ma ba su da abin cewa a nan, don ko ƙwayar zarra ta zinari babu a ciki.

Akwai wani tarihi da ya kamata mu sani, shi zai nuna mana abin da muke saye. A dā agogon da ke riƙe lokaci daidai abu ne mai tsada, don sai gwanin maƙeri ya zauna ya haɗa ƙananan haƙora da sifirin. Ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na farko da aka sa a kasuwa mai aiki da ɗan dutsen nan da ake rubuta sunansa Quartz a fuskar agogo. A yawancin irin waɗannan agogo na yau, batir na ba dutsen wuta, shi kuma yana kaɗawa sau 32.768 a sakan ɗaya, inji na ƙirgawa. Cikin ƴan shekaru fasahar ta yi arha, ta cika duniya. Masana'antar agogo ta ƙasar Suwis ta durƙusa, tsakanin 1970 da ƙarshen shekarun 1980 ta rasa wajen kashi biyu cikin uku na ma'aikatanta. Da manyan kamfanonin suka farfaɗo, sai suka canza haja. Tunda daidaiton lokaci ya zama na kowa, suka koma sayar da suna da alfarma.

Ga shaida. Rolex na yau yana alkawarin ba zai kauce da fiye da sakan 2 a yini ba, wato wajen sakan 60 a wata. Casio F-91W alkawarinsa sakan 30 a wata. Ka ji fa. A aikin da aka ƙirƙiri agogo dominsa, ɗan baƙin nan na roba bai bar wa na miliyoyi komai ba. Mai sayen Rolex na gaske ya san ba lokaci yake saye ba, yana sayen aikin hannu, da ƙarfe mai daraja, da suna. Wannan tsakaninsa da aljihunsa. Kai kuwa mai jabu, aikin hannun babu, ƙarfen babu, daidaiton babu, sunan kuma na sata ne. Inuwar wani ka saya, kuma ko ita ba ta kai magariba.

A garin nan minti yana da farashi

Da a wani gari ne da na ce wasan yara ne, a ƙyale su. Amma mu ƴan Diffa ne, an koya mana darajar lokaci da bulala. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kawo hari Bosso da Diffa. Ranar 10 ga watan aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, aka sa dokar hana fita, aka tsayar da cinikin kifi da na tattasai na wani lokaci, aka taƙaita sayen mai da takin zamani. Yawancinmu muna yara a lokacin, amma ba mu manta yadda iyaye mata ke tsayuwa bakin ƙofa suna ƙirga waɗanda suka dawo ba. A irin wannan dare, agogon da ya yi jinkirin minti goma ba abin dariya ba ne. Manomin da aka auna wa litar mai yana tayar da injin ban-ruwa yana duban hannunsa, don ya san awa nawa litar za ta kai shi, kuma fala nawa za ta sha. Direban da ya taso daga Mainé-Soroa ko N'Guigmi yana lissafin ƙarfe nawa za a rufe hanya. Waɗannan mutane ba su taɓa tambayar agogo wane suna aka rubuta masa ba. Abin da suke tambayarsa ɗaya ne: ƙarfe nawa?

Ko sunan abin ma yana tuna mana aikinsa. Kalmar agogo daga Yarbanci muka aro ta, inda take nufin ƙararrawa, abin da ake bugawa a sanar da jama'a lokaci ya yi. Hausawa kuma suka yi masa kirari da sarkin aiki. In an ce wa mutum agogo sarkin aiki, an yabe shi da naci da riƙon amana. Ba a taɓa yi wa agogo kirari da sarkin ƙyalli ba. Mu ne muka zo muka sauke shi daga sarautarsa muka mai da shi awarwaro. Na ga masu ɗaure da agogon da ya tsaya tun watan jiya, ka tambaye su lokaci su zaro waya. Haba jama'a!

Masu cewa waya ta wadatar

Wani zai ce, ai duk wannan surutu ne, waya na nuna lokaci. Gaskiya ne, har sai an ɗauke wuta kwana biyu cajinka ya ƙare. Har sai ka zo ƙofar ɗakin jarrabawar BEPC ko BAC an ce a ajiye waya a waje, kuma ba kowane aji ke da agogon bango mai rai ba. Jarrabawar awa huɗu ba a cin ta da ilimi kaɗai, sai da rabon lokaci: minti kaza na tsara tunani, minti kaza na rubutu, minti kaza na bita. Wanda agogonsa ya tsaya a tsakiyar wannan, ko yake dogara da mai tsaro ya ce saura minti goma sha biyar, ya san abin da nake faɗi. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya: sau nawa ka zaro waya don duba lokaci, ka farka bayan rabin awa kana cikin TikTok? Agogo na ba ka amsa ya yi shiru. Waya na ba ka amsa ta riƙe maka riga.

Masu cewa araha ba ta ado

Wannan karin magana ita ce babbar garkuwar ƴan jabu, kuma a kansu take faɗawa. Su ne fa suka sayi araha suna neman ta yi musu ado. Ni ban ce a sayi mafi arha ba. Na ce a sayi wanda kuɗinsa ya tafi cikin inji, ba cikin fenti ba.

Sai su ce Casio agogon yara ne, agogon talaka. To, in yayin dā kuke nema, wa ya fi shi? F-91W ya fito a 1989, kuma har yau ana ƙera shi da siffarsa ta farko. Kamfanin da ke yin sa ya fara fitar da agogo tun 1974. Wato shi ba kwaikwayon tsohon yayi yake ba, shi ne tsohon yayin da kansa, da ransa da lafiyarsa. Nauyinsa giram 21, yana da ƙararrawar tashi sallar asuba, yana da ma'aunin gudu, yana nuna rana da kwanan wata. Aibinsa ma ba a ɓoye yake ba: fitilarsa ba ta da ƙarfi, da kyar take haska gefe ɗaya, kuma Water Resist da aka rubuta masa na fantsamar ruwa ne, alwala da ruwan sama. Ba a ce ka yi nutso da shi a Komadugu lokacin da ta cika ba. Wanda ke son ƙyalli ya ɗauki A158W, kusan inji ɗaya ne cikin riga mai launin azurfa. Wanda ke son tsinke ya ɗauki MQ-24.

Akwai kuma masu karatun intanet da za su ɗauko maka wani labari. A watan Afrilu 2011, takardun gidan kurkukun Guantanamo da aka fallasa sun nuna cewa jami'an Amurka na ɗaukar F-91W a matsayin alamar wanda ya samu horon haɗa bam. Labarin gaskiya ne, kuma a yanki irin namu na fahimci wanda gabansa ya faɗi da jin sa. Amma abin da labarin ya tona shi ne raunin hankalin masu zargin. Agogon da miliyoyin mutane ke ɗaurawa, daga ɗan lakwal zuwa likita zuwa soja, ba ya zama shaidar laifin kowa. Mu da muka san zafin a yi wa mutum hukunci da ƙabilarsa ko garinsu ko tsawon gemunsa, bai kamata mu ɗauko wannan wauta mu ɗora wa agogo ba.

Masu cewa a bar talaka ya ji daɗinsa

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma ba zan yi mata dariya ba. Saurayin da ya taso a zangon ƴan gudun hijira a bakin babbar hanya, wanda bai taɓa mallakar sabon abu ba, ya ga ƙyalli na jika biyu ya ji shi ma mutum ne. Wa zai hana shi? Ba ni ba. Amma ina tambaya: wa ya ci riba da wannan jin daɗin? Wanda ya ƙera abin da ya san zai mutu kafin babbar salla, don ka dawo ka sake saye. Talauci ne yake biyan haraji sau shida a inda mai hali ya biya sau ɗaya. Kare jabu da sunan tausayin talaka kamar ba mai jin ƙishirwa ruwan gishiri ne.

Shi ya sa na ce in kuɗin ba su kai ba, a ɗauki ɗan Sin mai sunan kansa. SKMEI mai lambobi bai kai Casio ƙarko ba, amma bai yi maka ƙarya ba, kuma kamfanin da ya sa sunansa a kan kaya yana da abin da zai yi asara in kayan sun lalace. Mai jabu ba shi da suna balle ya ɓaci. Ko kuwa a yi haƙuri wata uku, a yi asusu. Mu da muka iya adashen sayen waya, adashen agogo ba zai gagare mu ba.

Ƴan'uwa mata, ku ma da ku nake. Akwatin nan mai audugar roba, da agogo da awarwaro da ɗan kunne a jere, wanda ake kawo muku goron salla ko a sa cikin kayan aure, kun fi kowa sanin kwana nawa yake yi kafin ya koma baƙi. Ki duba kyautar da kyau. Wanda ya kawo miki Rado na ƙarya yana murmushi, ya nuna miki yadda yake ɗaukar bambancin kama da gaskiya. Ban ce ki kore shi ba. Na ce ki tambaye shi.

Agogon da ke cikin akwatin Baba

Yanzu ga wanda na fi so, ga kuma gargaɗi a kansa. Seiko 5 ya fara fitowa a 1963. Ba ya cin batir. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai siffar rabin wata, duk motsin hannunka sai ya juya, ya ɗaure sifirin, sifirin kuma ya riƙa sakin ƙarfinsa a hankali yana tura tsinke. Muddin kana motsi yana motsi. In ka ajiye shi wajen kwana biyu sai ya tsaya, ka girgiza shi ya tashi. Bai kai Casio daidaito ba, yana iya kaucewa da sakan goma ko ashirin ko fiye a yini, sai ka riƙa saita shi lokaci-lokaci. Amma an yi shi ne don a buɗe, a wanke, a sa mai, a rufe. Abin da ya sa agogon dā ya zama agogon dā ke nan: ana gyara shi, ana gādonsa. Launin zinarin da muke bi ba shi ne sirrin ba.

Saboda haka kafin ka je kasuwa, ka je gida. Ka gaida Baba, ko Kawu, ko Kaka, ka ce: “Baba, agogon nan naka na dā yana nan kuwa?” Za ka sha mamakin abin da zai fito daga ƙasan akwati, da labarin da zai biyo shi: buhun tattasai nawa aka sayar aka saye shi, wace shekara, a hannun wa. Ka kai wa mai gyara. Kuɗin wanki da sabon gilashi da maɗauri ba lalle su wuce kuɗin jabu biyu ba. Ka ga ka samu abin da duk Diffa ba mai irinsa, don karcen da ke jikinsa na gidanku ne.

Wannan kuma zai raya wata sana'a da muke kashewa da hannunmu. Mai gyaran agogo, da ɗan akwatinsa na gilashi da madubin ido ɗaya da hantsaki, gwani ne. Jabu ya mai da shi mai sayar da batir, don ba abin gyarawa a cikin abin da aka yi don a yar. In tsofaffin nan suka tafi ba su koya wa kowa ba, ranar da za mu nemi mai buɗe Seiko sai mun je Damagaram ko Kano. Muna kukan rashin aikin yi, ga sana'a tana mutuwa a gabanmu.

Gargaɗin shi ne: tsoho ma ana yi masa jabu. Akwai waɗanda ake harhaɗawa daga gawarwakin agogo daban-daban, a sake fentin fuskar da launi mai ɗaukar ido, a rubuta Seiko ko Citizen. Indiya ta yi suna a wannan. In ka ga tsohon agogo fuskarsa na sheƙi kamar jiya aka yi shi, jikinsa kuwa duk ya sha duniya, ka yi hattara. Kada ka saya sai mai gyara ya buɗe bayansa ka ga sunan kamfanin a jikin inji. Su kuma ƴan gaba-dai gaba-dai da ke cewa in ba otomatik ba ba agogo ba ne, su ma su sassauta. Wannan wani girman kan ne da ya canza riga. Ɗalibin da ke da jarrabawa gobe ya fi buƙatar daidaito da ƙararrawa a kan tarihi.

In ka tsaya gaban tebur

Kada ka yi sauri, kuma kada ka ji kunyar gwadawa, kuɗinka ne. Farashi shi ne shaida na farko: wanda ya ce zai ba ka Casio na asali jika ɗaya da rabi, ya riga ya gaya maka ko mene ne. In F-91W ne, danna maɓallin dama ka riƙe wajen sakan uku, na asali zai rubuta CASIo a fuskarsa. Wasu masu jabun sun koyi wannan ma, don haka ka ƙara da duba rubutun: na asali tsaf yake, ba ya dusashewa, ba harafin da ya karkace. Karkata shi gefe ka ga ko lambobin na nan ko sun ɓace. Juya bayansa ka duba ko rubutun ya zauna daram cikin ƙarfen. In mai tsinke ne, ja makunnin ka juya, ka ji ko yana tafiya sumul ko yana lilo. Taɓa kowane maɓalli, wanda ba ya aiki ƙarya ce aka liƙa. Saita shi da wayarka, ka roƙi mai kaya ya yarda ka dawo da shi in ya kauce cikin kwana biyu. Wanda ya san kayansa ba ya tsoron wannan sharaɗi. In za a canza maka batir, ka nemi mai kyau, don mai arhar yana zubar da ruwa ya cinye inji. Tsohon batir ɗin kuma kada a yar da shi inda yara ke wasa, haɗiye shi na iya kashe yaro.

Na san wani zai ce, duk matsalolin da ke damun yankin nan, ga tsaro, ga ambaliyar Komadugu, ga rashin aiki, sai agogo ka ga damar yi wa dogon rubutu? E, shi na ga dama. Mu ne gobe za mu riƙe ma'aikatu da asibitoci da lakwal-lakwal na jihar nan. Kullum muna zagin wanda ya gina aji da siminti rabi ya shafe shi da fenti mai kyau, da wanda ya zo da takardar shaidar da ba tasa ba. Wannan ɗabi'a ba rana ɗaya take shiga mutum ba. Tana farawa ne daga ƙananan wurare, inda ka yarda kama ta wadatar, kowa ya sani kuma kowa ya yi shiru. Wanda ya saba ɗaura ƙarya a hannunsa na hagu, kada a yi mamaki in na dama ya sa hannu a kan wata.

Ku duba wuyan hannunku. In abin da ke wurin yana amsa sunansa kuma yana faɗin lokaci daidai, ko na jika biyu ne, ku ɗaga hannun riga ku yi tafiyarku. In kuwa ba haka ba, kun san inda kwandon shara yake.